Koren Ganye a Shafi na Bakwai

Kirrily tana kan tsani labarin ya iske ta. Safiyar Talata ce a makon farko na Yuni, lokacin da hunturu ke shigowa a can kudancin duniya, raɓa ta daskare a kan ciyawa, tana yi wa bishiyoyin tuffa aski kamar kowane hunturu. Sai ta hango Noelene, dattijuwar da suka daɗe suna aikin gonar tare, tana tahowa ta tsakanin bishiyoyi ba rigar sanyi a jikinta, wata 'yar sanda na biye da ita. Noelene ba ta taɓa fitowa a Yuni ba rigar sanyi. Tun kafin su iso Kirrily ta gane.

Motar laburare ce ta zame a kan ƙanƙarar da ta kwanta a kwanar gada. Mijinta Fergus, wanda ke tuƙa ta, bai kai asibiti ba. Da la'asar aka kawo mata jakarsa da tabaraunsa da takarda ɗaya da aka samu a aljihunsa, Jerin Hunturu na bana, da rubutun hannunsa. Littafi goma yake zaɓa wa mutanen kwarin kowace shekara. Wannan ya tsaya a na shida.

Shekara goma sha huɗu ke nan da ta fara ganin irin takardar nan, a lokacin kuwa ko a bakin komai ba ta ɗauke ta ba.

A kan tsani ya fara ganinta. Tana da shekara ashirin da uku, jar hula a kanta, almakashin aski a hannu, wata doguwar mota mai zanen littattafai ta tsaya a bakin shinge. Wani siririn saurayi mai tabarau ya leƙo.

"Sannu da aiki. Don Allah ina zauren gari yake?"

"Sau biyu ka wuce shi," in ji ta, ko saukowa ba ta yi ba. "Ina kallonka."

"Kika bar ni ina ta zagaye?"

"Aikin nan ba shi da abin kallo. Kai ne na samu."

Ya yi dariya har tabaraun ya zamo masa. Sabon direban motar laburare ne, daga Launceston aka turo shi, sunansa Fergus.

Duk Alhamis da rana motar kan tsaya gaban zauren gari, daf da rumfar da ake shirya tuffa a kwali. Alhamis ta biyu aka wuni ana ruwa, Kirrily ta shiga motar tana murza hannu.

"Kada ka wahalar da kanka," ta ce da ta ga ya miƙe. "Ni ba na karatu. Tun ina sha biyar na bar makaranta. Ɗumi na zo ji."

"Ɗumin kyauta ne, amma sai da littafi a hannu. Dokar mota ce."

"Ƙarya kake."

"Ƙarya nake," ya ce, ya miƙa mata takarda.

Jerin Hunturu ne, na farko da ya taɓa yi. Ƙarƙashin kowane littafi ya sa 'yar magana. Na ɗaya labarin wasu 'yan'uwa biyu ne da suka gaji gona ɗaya da kare ɗaya, ya rubuta, a karanta shi kusa da murhu. Na huɗu na wata mai girki ce a jirgin ruwa wadda ba ta iya iyo ba, kada a fara shi da yunwa. Uku daga ciki ya yi musu tauraro, ya rubuta a ƙasa cewa waɗannan na masu son rubuta nasu labarin ne, kada su yi gaggawar sanin ƙarshe, su tsaya su ga yadda ake shigo da mutum ɗaki har mai karatu ya ji kamar ya san shi.

Ta ɗauki na karen don ya fi sauran ƙanƙanta. Mako biyar ta yi a kansa, da yatsa take bin layi. A mako na uku ta nemi lambarsa a bayan takardar ta tura masa saƙo.

"Na kai shafi na 40. Karen zai mutu? In zai mutu ka faɗa min yanzu in daina."

"Ba zan faɗa ba, Mai Tsani."

"Mugu."

"Na amsa. Ci gaba."

Karen bai mutu ba. Kafin tuffa ta yi fure ta gama uku daga cikin goman, kafin a tsinke ta kuwa duk rumfar ta san cewa Kirrily 'yar Merv Triffitt ba ta cin abincin ranar Alhamis da kowa sai a matattakalar motar laburare, ita da Malam Tabarau, kamar yadda take kiransa, suna raba miyar kabewa a kofi ɗaya.

Ganyen ne ya fara ɓata mata rai.

Ta lura cewa shafi na bakwai na kowane littafi cike yake da 'yan zane-zane a gefe: nan tauraro, nan gicciye, can haruffa biyu. Ta tambaye shi ko yara ne ke ɓarna.

"Tsofaffi ne," in ji Fergus. "Al'adar kwarin nan ce tun kafin a haife mu. Littattafan motar ba su da yawa, suna ta zagayowa. Sai kowa ya yi alamarsa a shafi na bakwai, don kada ya kai littafi gida ya tarar ya taɓa karanta shi. Ga ta matar mai gidan mai. Ga ta Noelene ɗinku, kifin nan mai ido ɗaya."

"Wannan fa?"

Wani ɗan ganye ne da koren biro, an zana shi a tsanake, da jijiya biyu a tsakiya. Fuskar Fergus ta yi wani irin haske da ba ta so ba.

"Wannan shi ne malamina. Duk littafin da na ga ganyen nan a kai bai taɓa ba ni kunya ba. Rabin jerin nan ba ni na zaɓa ba, ganyen nake bi."

"Na waye?"

"Sirrin mai shi ne. Na yi alkawari."

Ta koma gida ta buɗe littattafan da ke hannunta. Duk suna da ganyen. Wasu tawadar ta dushe, wasu kuwa sabuwa fil, kuma sababbin nan yawanci a littattafan soyayya suke.

Washegari suna jera tuffa ta ba Noelene labari.

"Kore?" Noelene ta taɓe baki. "Ai malaman makaranta yanzu da kore suke duba aikin yara, wai ja yana tsorata su. Ke ba ki ga abin da ke rataye a wuyan Philippa ba?"

Ta gani mana. Philippa malamar firamare ce da ta zo daga Hobart, doguwa, mai magana kamar a rediyo. Ita ke jagorantar taron masu koyon rubutu a zauren gari duk Asabar, Fergus kuwa ba ya fashi, don shi ma labari yake rubutawa. Duk Alhamis takan shigo motar ta jingina da teburinsa, su yi ta ambaton sunayen littattafan da Kirrily ba ta taɓa ji ba, suna dariya a wuraren da ba ta san abin dariyar ba. Koren biro na lilo a ƙirjinta.

Daga ranar Kirrily ta daina fara littafi daga shafi na ɗaya. Na bakwai take fara buɗewa. In ta ga ganyen sai ta ji kamar wata ta riga ta zama a kujerarta ta bar mata ɗumin jikinta.

"Ran Asabar ina kake?" ta rubuta masa.

"Taron rubutu, kin sani. Ki zo mana."

"In zo in yi me? In riƙe muku biro?"

"Ki zo ki zauna kusa da ni. Shi ke nan aikinki."

"A gaida mai kore."

"Mai Tsani, kishi ba ya miki kyau."

"Ban tambaye ka ba."

Duk da haka, da hunturu na biyu ya shigo ya ba ta zobe a matattakalar motar, ta karɓa tana kuka tana zaginsa don ya sa ta kuka a gaban mutane. Saura Baba.

Merv Triffitt sau biyar yana cin gasar saran itace ta kwarin. Hannunsa ɗaya ya kai faranti. Tun da matarsa Glenys ta rasu, Kirrily na da shekara tara, daga shi sai ita a gidan, kuma ba ta taɓa ganinsa da wata takarda ba sai shafin wasanni na jarida. Ba wanda zai hana ta aure in ta ga dama, amma ita kaɗai gare shi, ba za ta fita gidan nan ba sai da albarkarsa.

Ranar Lahadi Fergus ya zo cin gasasshen rago. Ya miƙa hannu ya ce, "Barka da rana, Mista Triffitt." Merv ya dubi hannun ya ci gaba da yanka nama.

"Kai ne mai rubuce-rubucen."

"Ni ne."

"Ƙato da kai ka zauna kana shirya ƙarya a takarda, wai aiki."

Fergus ya ɗago ya dube shi, wani irin kallo mai tsawo, kunnuwansa suka yi ja. Ya mayar da idonsa kan farantinsa.

"Baba," in ji Kirrily, "aurena yake so."

"Na ga zoben, ba makaho ba ne ni. Ban yarda ba. Miƙo dankalin."

Mako biyu ba ta yi wa mahaifinta magana ba in ba gaisuwa ba. Tana cikin wannan ne ɗaya abin ya faɗo.

Wata Alhamis Fergus ya tsallaka shago sayo madara, ya bar ta a motar. Tana neman cokali a jakarsa ta ci karo da damin takardu. Labarinsa ne, wanda ya sha gaya mata bai kai a nuna wa kowa ba tukuna. Ta buɗe. A gefen shafin farko akwai koren ganye.

Ta riƙa juya shafukan. Labarin wata yarinya ce mai jar hula da ke aiki a kan tsani, da tabon almakashi a babban yatsanta. Kirrily ta dubi nata yatsan. Inda aka kwatanta dariyar yarinyar, ganye. Inda saurayin ya sumbaci tafin hannunta a bayan rumfa, abin da daga ita sai Fergus suka sani, ganye uku a jere. A shafin ƙarshe babu ganye, sai huji, inda aka danna biro da ƙarfi har takardar ta yage.

Ya shigo da madarar ya tarar da ita a tsaye.

"Bai kai a nuna wa kowa ba, ko?"

"Kirrily, tsaya..."

"Ni ce a ciki. Hulata, yatsana, har abin da muka yi a bayan rumfa. Ka kwashe ni ka kai wa wata ta karanta ni tana yi min maki kamar 'yar aji uku!"

"Ba haka ba ne. Wallahi ba yadda kike zato ba ne."

"To na waye? Suna ɗaya, Fergus. Faɗi."

Ya ajiye madarar a hankali. "Na yi alkawari."

"Ni ma ka yi min."

"Na sani. In na karya wancan yau, da me za ki yarda da naki gobe?"

"Ka riƙe maganganunka masu daɗi ka sa a littafi. Akwai mai karanta maka da sauri."

Ranar Asabar ta haɗu da Philippa a shago, gaban firjin madara. Ba ta yi niyyar magana ba, bakinta ne ya riga ta.

"Kin ji daɗin labarin nasa?"

Philippa ta dube ta daga takalmin gona har jar hula, ta yi ɗan murmushi. "Fergus yana da baiwa sosai. Irinsa yana bukatar wadda za ta karanta shi da kyau, kin gane. Ba ƙaramin nauyi ba ne zama da marubuci."

Ba ta ce ita ce ba, ba ta ce ba ita ba ce. Kirrily ta fito ba ta sayi abin da ta je saya ba. Da Alhamis ta zagayo ta cire zoben, ta manne shi a shafi na bakwai na littafin karen nan, ta ba Noelene ta mayar mata.

Saƙonninsa suka yi ta shigowa.

"Na ga zoben. Ban karɓa ba, ajiya ce."

"Mai Tsani, yau na wuce gonarku sau biyu. Wannan karon ba ɓata na yi ba."

"Ba wadda nake so ta karanta ni sai ke, ko shekara goma za ki yi a shafi ɗaya."

Ta karanta kowanne ya fi sau ashirin, ba ta amsa ko ɗaya ba. Abin da ke cinta ba Philippa kaɗai ba ce. Tsoronta shi ne gaskiya matar ta faɗa, cewa wata rana zai gaji da jiran mai bin layi da yatsa.

Wata Lahadi da safe almakashinta ya dakushe, dutsen washinta kuma ya ɓata. Baba ya fita da kare. Ta shiga rumfarsa ta bayan gida, ta duba ko'ina ba ta samu ba, sai ta tuna yana ajiye nasa a akwatin gatarin gasa, akwatin da tun tana yarinya aka hana ta taɓawa. Ta ɗaga murfin. Gatari biyu na kwance cikin tsumma. Ta ɗaga tsumman.

Littattafai huɗu ne na motar laburare, biyu da hoton mace da namiji a rungume. Ga tabarau na karatu. Ga gwangwanin biskit cike da korayen birai, yawancinsu sun ƙare. Ta buɗe na sama a shafi na bakwai. Tawadar ko gama bushewa ba ta yi ba.

"Wa ya ce ki taɓa akwatin nan?"

Yana tsaye a ƙofa ya cika ta. Ta ɗago littafin.

"Baba. Kai ne?"

Ya shigo. Sannan ya jawo kututture ya zauna, ya cire hularsa yana juya ta a hannu.

"Na mamanki ne," ya ce. "Ganyen. Ita ce mai shi. Kullum da yamma tana karatu ina mata tsiya, ban taɓa tambayarta me ke ciki ba. Da ta tafi, na rasa inda zan same ta. Sai na je wurin tsohon direban motar na ce ya nemo min duk littafin da ke da ganyenta. Ɗari biyu da sha biyu ne. Shekara shida na yi."

"Da suka ƙare fa?"

"Na kasa dainawa. Sai na ɗauki bironta na ci gaba da sa mata. Gani nake kamar tana nan tana karantawa." Ya share hanci da bayan hannu. "A tsohuwar garwar madara ta bakin hanya ake ajiye min duk Juma'a. Yaron nan da ya karɓi motar ya gaji sirrin. In 'yan saran itace suka ji Merv Triffitt na kuka a kan littafin soyayya, ina zan sa kaina?"

Kirrily ta zauna a ƙasa. Wata goma tana ƙin jinin wata mace, ashe a ɗaki ɗaya suke shan shayi kullum, kuma gemu gare ta. Dariya ta zo mata tare da kuka.

"To me ya sa ka wulaƙanta shi? Kai da kake cinye littafi huɗu a mako!"

"Shi ya kawo min labarinsa bara, wai in duba masa, lokacin ban san kuna tare ba. Ina cikin karatu na ga jar hula, na ga tabon yatsa. Na ce wannan ai tawa ce. Yaron ya iya, 'yar nan, ba zan ɓoye ba. Ya gan ki yadda nake ganin mamanki." Ya haɗe rai. "Kin karanta ƙarshen?"

"Huji na gani."

"Jirgi suka hau. Ya tafi da ita Melbourne, uban na tsaye a bakin ruwa yana ɗaga hannu kamar wawa. Layi biyu kawai ya ba uban."

"Baba, labari ne fa."

"Littafi nawa na karanta? Abin da mutum ke so a ransa shi yake sawa a ƙarshe."

Ta nuna masa yatsanta da ba zobe, ta gaya masa dalili. Ya dubi yatsan, ya dubi gwangwanin biran.

"Kika matsa masa bai faɗa ba?"

"Bai faɗa ba."

"Bayan abin da na yi masa a kan tebur?"

"Ko da wasa."

Merv ya mayar da hularsa. 

Ranar Alhamis motar na cike, tsofaffin mata a layi, Noelene na nan, Philippa na jingine a wurinta. Sai ga Merv Triffitt ya hawo matattakala har motar ta karkata, littattafai huɗu a hammatarsa, hoton masu runguma a waje inda kowa zai gani. Kirrily na bayansa. Ya dire su a gaban Fergus.

"Na dawo da waɗannan. Na ukun bai yi ba, tun a tsakiya na san wanda za ta aura."

 Noelene ta buɗe na sama, ta duba shafi na bakwai, ta dafe ƙirji. "Merv! Kai ne ganyen? Shekara nawa ina bin bayanka ina cewa matar nan ta san abu!"

"To yanzu kin sani. Je ki gaya wa gari." Ya juya ga Fergus. "Kai kuma, ina za ka kai min ita?"

"Merv, ni da na ɓata sau biyu kafin in gano zauren gari, ina ni ina Melbourne? Ban san yadda ake ƙare labari ba ne kawai, sai na sa su a jirgi."

"To ka sauke su."

"Zan sauke su."

"Uban kuma ka ba shi shafi guda, ba layi biyu ba."

"Biyu zan ba shi."

Merv ya miƙa masa hannun nan kamar faranti. Philippa ta tuna tana da aji, ta fita a hankali. Kirrily ta matso, idonta a ƙasa.

"Malam Tabarau, ina ajiyata?"

Ya jawo littafin karen daga ƙarƙashin teburinsa. "Inda kika bar ta. Mutum uku sun nemi aron littafin na ce yana wurin gyara."

Ya sa mata zoben, tsofaffin na tafi. Ta raɗa masa, "Ka yafe min." Sannan ta ƙara da ƙarfi yadda mahaifinta zai ji, "Amma daga yau duk abin da ka rubuta ni ce farko. Baba ya bi layi."

"Da wannan saurin naki?" in ji Merv. "Sai na mutu ban ga babi na biyu ba."

A watan Oktoba aka ɗaura auren a cikin gonar, tuffa ta yi fure fari fat har kan hanya. Noelene ta yi kek hawa uku. 'Yan saran itace suka jeru da gatarinsu a sama amarya da ango suka bi ta ƙarƙashi, kuma ba wanda ya yi wa Merv tsiya, sai ma ɗaya daga cikinsu da ya ja shi gefe yana tambaya ko motar na da littattafan yaƙi. Da aka zo jawabi Merv ya miƙe da kofinsa.

"Ni ban iya magana ba. Glenys ce ta iya, ba ta nan. Na ba ka 'yata, Fergus, don ka riƙe amanar tsoho ranar da riƙon ya kusa raba ka da abin da ka fi so. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku tsufa kuna faɗa a kan wa zai kashe fitila. Ke kuma Kirrily, duk abin da mijinki ke karantawa ki tambaye shi me ke ciki. Kada ki bari sai daga baya." Ya zaro sabon koren biro daga aljihu ya ba ta. "Naki ne yanzu."

Kowa ya ce amin. Suna yanka kek ta tambayi angonta ko shi ba shi da alama.

"Ina da ita tun bara. Ke ce ba kya ganin komai a shafin sai ganye."

Ya zana mata a jikin takardar goge hannu. Ɗan tsani ne mai hawa uku.

Ba su tsufa tare ba. Shekara goma sha biyu da wata takwas suka samu, a gidan da ke kallon rumfar Baba, suna nan Merv ya rasu a kujerarsa da littafi a cinya. Fergus ya sauke masoyan daga jirgi, an buga labarin kwafi hamsin a garin, ɗaya na yawo a motar har yau. Kirrily ta tambaye shi me ke cikin littattafai da yawa, amma ba duka ba. Ta ɗauka akwai lokaci.

Mako uku bayan jana'iza ta je wurin matar da ta karɓi sabuwar motar, da takardar nan da ta tsaya a na shida. Littattafan da aka kwaso daga tsohuwar motar suna nan a kwalaye. Ta ce a nemo mata duk wanda ke da tsani a shafi na bakwai. Daga cikinsu ta cike huɗun da suka rage aka manna jerin a ƙofa, ko da yake hunturun ya yi nisa. Har masu tauraro ta karɓa, tana karanta su a hankali tana duba yadda ake shigo da mutum ɗaki.

Sun fi ɗari huɗu. Ba ta gaggawa. Kullum da safe kafin ta ɗauki almakashi takan dafa shayi, ta zauna a gefen teburin da yake zama, ta karanta shafi biyu da yatsa. Wani lokacin takan tarar da tsaninsa daf da tauraron wata ko furen wata, ta ji tsohon kishin nan ya motsa, ta ce da kujerar, "Wace ce kuma wannan, Malam Tabarau?"

Ranar da ta gama littafi sai ta koma shafi na bakwai, ta cire murfin koren biron, ta zana ɗan ganye mai jijiya biyu a jingine da tsanin.